Admin a ɓoye sunana: na gaji da shan maganin sanyi, abin wuri ɗaya yake dawowa

Admin: Assalamu alaikum matan gida. Ga saƙon wata 'yar uwarmu nan cikin Zariya. A ba ta shawara cikin mutunci. Wadda ta kawo talla zan goge, na faɗa tun yanzu.

"Anti Admin don Allah a ɓoye sunana. Shekarata uku da aure, ɗana ɗaya, yanzu kuma ina da ciki wata huɗu. Ina amarya na taɓa kwanciya ciwo mai tsanani: zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa, gabana duk ya feso da ƙuraje, in zan yi fitsari sai na yi kuka. Aka ce sanyi ne, aka yi mini allurai, ya ɗauki kusan sati uku kafin ya warke. Tun daga nan duk bayan wata biyu ko uku sai ya dawo, amma ba da ƙarfin na farko ba. Kafin ya fito nakan ji wurin yana tsikarina, wani lokaci zogi ya bi mini ɗuwawu zuwa cinya. Washegari sai 'yan ƙuraje uku ko huɗu masu ruwa su fito a gefen hagu, kullum wuri ɗaya, su fashe, su yi raɗaɗi, bayan sati su bushe. Ba na ganin farin ruwa mai yawa, ba wari. Na sha Flagyl, na sha Ampiclox, na yi matsin Canesten, na sha jiƙe-jiƙe. Sau uku ina yin gwajin HVS, sau ɗaya aka ce staf, sau biyu aka ce ba komai. Ranar da na samu ganin likita kuma abin ya riga ya warke, ta duba ta ce lafiyata lau. Wane irin sanyi ne wannan? Kuma zai taɓa abin da ke cikina?"

Maman Khairat: Allah sarki. Sanyi ne ya yi miki kaka-gida 'yar uwa. Ki dafa bagaruwa da ganyen magarya ki riƙa zama a ciki safe da yamma, ki haɗa da kanumfari kina sha. Kuma ki daina haɗa bayi da mutane.

Ummu Sultan: Tafarnuwa za ki ɓare ki cusa da dare. Ni ita ta raba ni da shi.

Amaryar Kongo: Maigidan ya sha magani kuwa? In ke kaɗai kike sha aikin banza kike yi, yana dawo miki da shi.

Sista Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Ummu Sultan don girman Allah a bar maganar tafarnuwa, mace mai ciki ce, kuma ko ba ciki tafarnuwa tana ƙona fatar wurin. Mun sha karɓar mata da ƙunarta.

Ƙanwata mai tambaya, shekara goma sha shida ina aikin ungozoma, kuma ba a yanke wa mutum ciwo ta waya. Amma yadda kika jero labarin nan, ba sanyin da muka saba cewa sanyi ya yi kama da shi ba. Ya fi kama da ƙurajen hafis, wanda a takardar asibiti za ki ga an rubuta herpes ko HSV. Abu huɗu na ji a bakinki: na farkon ya fi tsanani har da zazzaɓi da kaluluwa, yana yi miki sallama da tsikari kafin ya fito, wuri ɗaya yake fitowa, kuma da kansa yake bushewa cikin sati. Ina kyautata zaton duk magungunan da kika sha ba su ne suke warkar da shi ba, lokacinsa ne yake cika ya tafi, ke kuma ki ɗauka maganin ne ya yi aiki.

Dalilin da ya sa yake komawa wuri ɗaya: bairos ne, idan ya shiga jiki sai ya bi jijiya ya je ya kwanta a tushenta can ƙasan ƙashin baya. Ranar da ya motsa, jijiyar da ya bi ya shiga ita zai biyo ya fito. Zogin da kike ji a ɗuwawu da cinya tafiyarsa ce a cikin jijiyar.

Maman Khairat: Hafis kuma? Ni wallahi na ɗauka sunan likitan za ki faɗa mata ta je wurinsa.

Hajiya Babba Kwarbai: Ku yaran yanzu komai sai kun sa masa sunan Turawa. Mu da muka taso duk abin da ya sami mace a ƙasanta sanyi ne, kuma da ruwan ɗumi muka rayu har muka aurar da jikoki.

Sista Maman Ihsan: Hajiya Allah ya ƙara girma, ruwan ɗumi ban ƙi shi ba. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri kaɗan yana rage raɗaɗin miki, mu ma muna cewa a yi. Wadda fitsari ke ƙona ta ma tana iya zuba ruwa a wurin lokacin da take yi, yana sauƙaƙawa. Inda matsalar take, kalmar sanyin nan buhu ce, mun zuba cuta biyar ko shida a ciki mun ɗaure baki, alhali kowace da maganinta. Maganin wata ma shi ke tayar da wata. Ampiclox ɗin da take sha yana kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron gaba, sai kandida ta samu fili. Kin ga an je neman ƙiba an samo rama.

Ummu Sultan: To Sista ki bambance mana mana, tunda kin hana tafarnuwa. Ni nawa ƙaiƙayi ne kamar in yage wurin.

Sista Maman Ihsan: Naki da alama kandida ce, ita ce ta fi yawa a cikin abin da mata ke kawo mana. Alamarta ƙaiƙayi, ƙaiƙayin da ke hana barci, ko'ina a wurin ba gefe ɗaya ba. Sai farin abu mai kauri gudaji-gudaji kamar an marmasa awara, kuma ba ya wari. Tana son mai ciki, mai ciwon suga, da wadda ta gama shan antibayotik. Inda take ruɗa mutane da hafis: idan wurin ya kumbura aka yi ta susa, fatar takan tsage siriri-siriri kamar kaushi, fitsari ya taɓa ya yi zafi. Mace sai ta ce miki ya fito mata. Amma tsagewa daban, ƙurji mai ruwa da ya fashe ya bar ɗan rami zagayayye daban. Sai dai shi ma hafis wani lokaci ɗan tsagewa kawai yake yi ba ƙurji, shi ya sa ido na ma'aikaci yake da amfani.

Ta biyu ita ce wadda ake rubutawa BV. Ruwa ne tsararo fari-fari ko ruwan toka, da ƙarni irin na kifi, ya fi tashi bayan kwanciyar aure ko bayan al'ada. Ba ta cika ƙaiƙayi ba, ba ta yin ƙuraje. Ita ce Flagyl ke yi wa aiki. Yawan wanke ciki da sabulu ko Dettol da cushe-cushen kayan mata suna cikin abin da ke jawo ta, a yi haƙuri masu sana'a.

Ta uku tarikomonas: ruwa mai yawa, ɗorawa-ɗorawa ko kore-kore, wani lokaci da kumfa, da wari da ƙaiƙayi da zafin fitsari. Wannan ta hanyar kwanciya ake ɗauka, dole miji ya sha magani, in da abokiyar zama ita ma ta sha. Amarya, a nan maganarki take daidai.

Ku lura, waɗannan ukun duk labarin ruwa ne: kalarsa, kaurinsa, warinsa. Hafis labarin fata ne: ina ya fito, yaya ya fara, kwana nawa ya yi. Ita mai tambaya ba ta yi kukan ruwa ba ko kaɗan.

Anti Lab Samaru: Bari in sa baki kan gwajin da ta ce ta yi sau uku, don aikina ke nan. HVS auduga ce ake shafo ruwan can ciki, mu duba a madubin gwaji, mu shuka mu ga me zai tsiro. Yana nuna kandida, yana iya nuna tarikomonas da alamun BV. Ba ya nuna hafis, ko sau ɗari za a yi. Bairos ba ya tsirowa a farantin da muke shuka bakteriya. Saboda haka "ba komai" da aka ce miki ba yana nufin ba ki da komai ba, abin da aka nema ne babu.

Shi kuma staf ɗin nan da ya zama abin tsoro a garin nan, har masu lasifika a kasuwa suna tallar maganinsa: ƙwaya ce da ke zaune a fatar mutane da yawa masu lafiya. Audugar tana iya shafo ta a bakin wurin. Ganinta a takarda kaɗai ba dalilin yi wa mace allurai goma ba ne.

Gwajin hafis na gaskiya daga kan ƙurjin ake ɗauka, yana ɗanye, a yi masa gwajin da ake kira PCR, wanda ke gano ita ƙwayar da kanta. Ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba kuma da tsada, shi ya sa sau da yawa likita da ido da labarin mai ciwo yake ganewa. Ko wanne ne dai, sai an je abin yana nan. Kwana ɗaya ko biyu da fitowarsa. In ya bushe an makara.

Amaryar Kongo: Anti gwajin jini fa? Mu kafin aure an yi mana gwaji an ce lafiya lau.

Anti Lab Samaru: Na kafin aure da aka saba yi HIV ne da ciwon hanta da jinotayif, sai gwajin ciki. Babu hafis a ciki. Akwai na jini, amma abin da yake faɗa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba ya faɗin yaushe, ba ya tabbatar da cewa ƙurjin yau ita ce. Yana iya ɗaukar har sati 12 bayan kamuwa kafin ya nuna. Wanda ake kira IgM kuma kar wadda ta ɓata kuɗinta a kansa don wannan ciwon.

Maman Twins Gyallesu: Ni dai tambayata ɗaya, tana da kishiya? Don wallahi wasu matan su ke kwaso wa gida bala'i. Ko kuma shi maigidan a bincike shi, maza ba su da tabbas.

Ummu Sultan: Ai kuwa. Yarinya ta shigo lafiyarta lau, tana amarya ciwo ya kama ta. Lissafin ai a fili yake.

Malama Ummu Abdallah: Ku ji tsoron Allah. Baiwar Allah ta zo neman mafita kuna neman kashe mata aure. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ba ku da hujja.

Maman Twins Gyallesu: Malama ba zato ba ne, ai Sista ta ce ba a bayi ake ɗauka ba.

Sista Maman Ihsan: Ban riga na faɗa ba amma gaskiya ne, ba a bayi ake ɗauka ba, ƙwayar ba ta daɗewa a waje, sai fata ta haɗu da fata. Amma lissafin bai kai sauƙin da kuke yi masa ba. Yawancin masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba. Wani bai taɓa ganin ƙurji ba, wani yana ganin ɗan abu ya ɗauka gumi ne ko kaifin reza. Tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba. Namijin da ya taɓa aure ya rabu, ko matar da ta taɓa aure, suna iya shigowa da ita ta halal ɗinsu ba tare da sun sani ba. Kuma tana iya wucewa ko babu ƙurji a fili.

Sannan iri biyu ce. HSV-2 ita ce aka fi sani a gaba. HSV-1 ita ce ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda muke cewa zazzaɓi ne ya fita. Yawanci tun muna yara muke ɗauka a gida, kuma tana iya sauka ƙasa ta hanyar baki tsakanin ma'aurata, kun dai gane. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna da HSV-1, wato kashi 64 cikin ɗari, sannan miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da HSV-2. A zauren nan mu nawa ne? Ku yi lissafin da kanku. Ba wanda zai iya duba ƙurji ya ce ga ranar da ya shigo gida, ko ga wanda ya kawo shi ta hanyar banza.

Maman Twins Gyallesu: To Allah ya kyauta. Ni dai raina bai kwanta ba.

'Yar Famasi ABU: Anti Sista in ƙara wasu abu biyu da ke kama da shi, mun yi su a aji bana. Akwai wanda magani ke jawowa: mutum ya sha Septrin ko Fansidar ko wani maganin ciwon jiki, sai wuri ɗaya a leɓe ko a gaba ya yi ja, ya yi bororo, ya saɓule, in ya warke ya bar baƙin tabo. Duk ranar da ya sake shan maganin, wurin nan dai zai sake tashi. Tunda masu ciki ana ba su Fansidar a wurin awo, ya kamata ta lura ko fitowar tana bin shan wani magani. Na biyu tunjere: shi miki ɗaya yake yi mai tauri, ba ya zafi, ya warke da kansa cikin sati uku zuwa shida, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali ya shige jini. Yana illa ga jariri sosai, kuma allurar fenisilin tana maganinsa.

Sista Maman Ihsan: Madalla da 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Shi ya sa duk mai miki a gaba muke so a yi mata gwajin tunjere da na HIV, ba don zargi ba. Mai HSV-2 ta fi saurin ɗaukar HIV kusan ninki uku idan ta haɗu da shi, saboda ƙofar da mikin ke buɗewa. A ƙara da masu aski da reza, gashi ya lanƙwashe ya yi ƙurji mai ruwan mugunya da gashi a tsakiya, da waɗanda audugar al'ada ko miski ko sabulu mai ƙamshi ke ƙona wa fata.

Admin: Mai tambaya ta sake turowa: "Na gode. Tun ɗazu kuka nake yi. Ke nan ba ya warkewa? Kuma ba a amsa mini maganar cikin ba."

Sista Maman Ihsan: Share hawayenki ƙanwata. Gaskiya ba zan ɓoye miki ba, har yau babu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki, duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so. Amma akwai maganin da ke danne ta, asikilobir, a kwali za ki ga acyclovir, ba shi da wuyar samu. Idan aka fara shi tun lokacin tsikarin nan ko ranar da ƙurjin ya fito, yana rage kwanaki da zafi. Wadda yake yawan dawo mata ana iya ɗora ta a kan na kullum. Na shafawa ba ya wani tasiri a wannan wurin, na sha ne mai aiki. Kuma yawanci da shekaru suna tafiya yana rage zuwa. Ba ya hana haihuwa, ba ya zama ciwon daji.

Maganar ciki, a nan ma labarinki da sauƙi. Haɗari mai girma yana kan wadda ta kamu karon farko a watannin ƙarshe na ciki, don jikinta bai gama haɗa garkuwar da zai ba jariri ba; a nan yiwuwar jariri ya ɗauka tana kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Irinki da ta daɗe da shi kafin ciki, bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Abin da ake yi, ki faɗa a wurin awo a rubuta a katinki. Daga sati 36 akan ba da asikilobir har zuwa haihuwa don kar ya fito lokacin naƙuda. Ranar naƙuda a duba ki. In akwai ƙurji ko kina jin tsikarin, likita zai yi miki maganar tiyata, in babu ki haihu da kanki. Don haka wannan haihuwar ba ta gida ba ce, ki shirya wa asibiti, ko Shika ko Gambo Sawaba ko duk inda kike awo.

Kuma daga yau kar ki ƙara shan komai daga kemis ba tare da an san kina da ciki ba. Har ƙwayar maganin kandida ɗin nan guda ɗaya da ake sha, fulukonazol, ba a so mai ciki ta sha, na matsi ake ba ta.

Hajiya Babba Kwarbai: To ni yanzu abin da ya tsaya mini, ƙurajen leɓen nan. Ranar suna kowa sai ya ɗauki jariri ya sumbace shi.

Sista Maman Ihsan: Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mai ƙurji a leɓe kar ta sumbaci jariri, ko kakarsa ce. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba in ƙwayar nan ta kama shi tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ku kakanni ku za ku iya faɗa a ji, mu in mun faɗa a ce iyayi.

Amaryar Kongo: Sista to maigida fa, ya za ta yi da shi?

Sista Maman Ihsan: Daga jin tsikari har wurin ya warke sarai a haƙura da kwanciya. Kwaroron roba yana ragewa amma ba ya rufe ko'ina. Shi ba a ba shi magani don ita tana da shi, sai in shi ma yana ganin ƙuraje. In da abokiyar zama mai ciki wadda ba ta taɓa yi ba, ita ce abin a kiyaye, musamman watanni ukun ƙarshe. Faɗa masa kuma, ni na fi son su je tare likita ya yi bayani, magana daga bakin likita ta fi sauka lafiya.

Hajiya Kayan Harka: Ina da haɗin sanyi sadidan, kwana bakwai ko wane iri ne ya fita har abada, ana turawa ko'ina, a yi mini magana ta

Admin: Na goge sauran. Hajiya wannan ne na biyu.

Admin: Matan gida, mai tambayar nan ta kwanakin baya ta dawo da bayani: "Anti ki gaya wa Sista da Anti Lab na gode. Ranar Talata da dare na ji tsikarin, Laraba ya fito, ban jira ba na hau Keke na tafi. Likita ta gani da idonta ta ce shi ne, ta rubuta a katin awona, ta ba ni maganin kwana biyar. An yi gwajin tunjere da HIV babu. Ta ce kuma akwai kandida a tare, ta ba ni na matsi. Abban yarona ya raka ni da na koma. A hanyar dawowa ya yi shiru har muka wuce Ƙofar Doka, sannan ya ce shi ma tun kafin aurensa na farko ya mutu yakan ga ɗan abu ya fito masa lokacin zafi, ya ɗauka gumi ne. Ban ce masa komai ba tukuna. Tambayata, tawul ɗina da na yaro a raba?"

Sista Maman Ihsan: A raba, kowa da nasa, musamman kwanakin da ya fito, ki kuma wanke hannu da sabulu in kin taɓa wurin kafin ki taɓa idonki ko yaro. Wanki kuwa ki haɗa abinki, sabulu yana kashe ta. Sati nawa cikin yanzu?

Admin: Ta ce 21.

Sista Maman Ihsan: To saura sati 15 a fara asikilobir ɗin sati 36. Ta sa a wayarta, kar ta dogara da cewa za a tuna mata a layin awo.